Tagwayen Kalmomi: Sauti Ɗaya, Rubutu Dabam

Garuwa babban birni ne a arewacin Kamaru. Yana bakin kogin Binuwai, wanda ya gangara ya bi ta Yola a Nijeriya. Birni ne mai harsuna da yawa. A kasuwa an fi jin Fulatanci. A gidaje da yawa ana Hausa. A makarantar allo ana karatu da Larabci. A makarantar boko kuwa ana koyar da yawancin yara da Faransanci, sa'an nan a koya musu Ingilishi.

Yaron Garuwa ba ya tsoron sabon harshe, don ya saba da jin harsuna tun yana goye. Amma akwai wani abu a cikin Ingilishi da yake ba yara wahala, har ma da masu ƙoƙari a cikinsu. Wannan abu shi ne kalmomin da ake faɗinsu iri ɗaya, amma rubutunsu dabam, ma'anarsu kuma dabam.

Yadda Ingilishi ya shigo makarantun Kamaru

Jamusawa ne Turawan da suka fara mulkin Kamaru, tun daga shekarar 1884. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, a shekarar 1915, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace Garuwa daga hannunsu. A 1916 aka gama korar Jamusawa daga ƙasar. Faransa ta ɗauki kashi mafi girma, Ingila ta ɗauki wani yanki a yamma, kusa da Nijeriya.

Ɓangaren Faransa ya sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960. Shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garuwa ne. Ranar 1 ga Oktoba 1961 kudancin ɓangaren Ingila ya haɗe da sabuwar ƙasar. Tun daga nan Kamaru take da harsunan hukuma biyu, watau Faransanci da Ingilishi. Tsarin mulki na 1996 ya ce darajarsu ɗaya. Daga cikin yankuna 10 na ƙasar, 8 sun fi amfani da Faransanci, 2 kuma da Ingilishi. A shekarar 2002 an ware rana guda a watan Fabrairu don makarantu su riƙa bikin harsunan nan biyu.

Dalili ke nan da ya sa yaron da yake karatu da Faransanci a Garuwa, ko Marwa, ko Ngaundere, yake koyon Ingilishi tun daga firamare.

Mene ne tagwayen kalmomi?

A darasin shifta malami yakan karanta jimla, yara su rubuta. A ce malami ya karanta wannan: "I can see the sea." Ma'anarta ita ce, ina iya ganin teku. Sau da yawa akan sami yarinya ko yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai ka faɗi kalma ɗaya sau biyu." Malami kuwa sai ya ce, "A kunne ɗaya ce, 'yata, amma a takarda biyu ne."

Gaskiyar malam. Kalmar "see" gani take nufi, "sea" kuma teku. Ko Baturen Ingila ne ya faɗe su, ba wanda zai ji bambanci. Sai an rubuta ake ganin ta farko tana da "ee", ta biyu tana da "ea".

Sunan irin waɗannan kalmomi a Faransanci "homophones". Haka ake rubuta sunan a Ingilishi ma. Asalin sunan daga harshen Girkawa ne, inda "homos" yake nufin iri ɗaya, "phone" kuma sauti ko murya. Da Hausa ana iya kiransu tagwayen kalmomi. Sun yi kama da Hassan da Husaini masu murya ɗaya. Wanda ya ji muryar daga bayan katanga ba zai san wane ne ba, sai ya leƙa ya ga fuska. Fuskar kalma ita ce rubutunta.

Hausa da Faransanci ma suna da nasu

Ba Ingilishi kaɗai yake da kalmomi masu ruɗarwa ba. Sai dai kowane harshe da irin nasa.

A Hausa yawanci abin juyawa yake yi. Rubutu ɗaya ne, faɗi ne ya bambanta. Akwai gari inda mutane suke zaune, akwai garin dawa na tuwo. Akwai kuka na hawaye, akwai kuka ta miya. Akwai wuya na jiki, akwai wuya ta wahala. Bahaushe yana bambanta su da jan wasali, ko da hawa da saukar murya. Amma rubutun boko ba ya nuna ja, ba ya nuna hawa da sauka. Duk da haka ba mai karanta "ta zuba gari a tukunya" ya zaci birni aka zuba. Sauran kalmomin jimla su ne suke nuna hanya.

Faransanci kuwa cike yake da tagwaye, kuma yaran Garuwa sun san su sarai:

mer, teku, mère, uwa, maire, magajin gari
vert, kore; verre, kofin gilashi; ver, tsutsa; vers, wajen
cent, ɗari, sang, jini, sans, ba tare da
seau, bokiti, saut, tsalle, sot, wawa

Yaron da ya riga ya sha fama da "a" da "à", ko "et" da "est", ko "son" da "sont", ya san rabin aikin. Dabarun da ya koya a Faransanci za su yi masa amfani a Ingilishi.

Me ya kawo tagwaye a Ingilishi?

Dalili na farko shi ne, faɗin kalmomi ya sake, amma rubutu ya tsaya yadda yake. Shekaru 600 da suka wuce mutanen Ingila suna faɗin "k" a farkon "knee", gwiwa, da "know", sani. Suna faɗin "w" a farkon "write". Haruffan "gh" na cikin "night" da "right" suna da nasu sauti daga maƙogwaro. Da tafiya ta yi nisa, sai mutane suka daina faɗin waɗannan sautuka. Sautin "k" na farkon kalma ya ɓace a ƙarni na 17. Ta haka "know" ta zama ɗaya da "no" a kunne, "write" kuma ta zama ɗaya da "right". Jamusanci, wanda yake ɗan'uwan Ingilishi, yana nan yana faɗin "k" a cikin "Knie", watau gwiwa.

Haka ma wasula. A da "meet" da "meat" ba sauti ɗaya suke da shi ba, shi ya sa aka rubuta su dabam. Daga baya sautukan biyu suka haɗe.

Dalili na biyu shi ne injin buga littattafai. A shekarar 1476 wani mutum mai suna William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila. Da littattafai suka yawaita, sai rubutun kalmomi ya fara zama wuri ɗaya. A 1755 Samuel Johnson ya fitar da babban ƙamusunsa, ya ƙara ɗaure rubutun. Baki ya ci gaba da sauyawa, takarda kuwa ba ta bi shi ba.

Dalili na uku shi ne aro. A shekarar 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru masu yawa sarakuna da alƙalai na Ingila da Faransanci suke magana. Dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi. Wasu baƙin kalmomi suka zo suka tarar da 'yan gida masu sauti irin nasu. Misali, "hour", awa, baƙuwa ce daga Faransanci. "Our", namu, 'yar gida ce. Yanzu sautinsu ɗaya.

Akwai kuma kalmar da ta rabu biyu. "Flower", fure, da "flour", garin alkama, asalinsu kalma ɗaya ce, 'yar'uwar "fleur" ta Faransanci. Garin da ya fi laushi shi ake kira furen gari. Daga baya aka ba kowace ma'ana rubutunta.

Ban da wannan duka, Ingilishi yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44. Sauti ɗaya ana iya rubuta shi ta hanyoyi da yawa.

Tagwayen da ake gamuwa da su a Garuwa

Ba sai an je Ingila ake samun misalai ba. Ga su nan a cikin gari.

Manomin auduga yakan kai kayansa a auna. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, a Garuwa hedkwatarsa take. Manomi yana jira, watau "wait". Abin da yake so ya sani shi ne nauyin audugarsa, watau "weight".

Ran salla mahaya sukan fito gaban fadar Lamiɗo. Ragamar da mahayi yake riƙewa ita ce "rein". Zamanin mulkin sarki shi ne "reign". Ruwan sama da yake cika Binuwai da damina shi ne "rain". Kalmomi uku ke nan, sauti ɗaya.

Mai rini yana rina zane, watau "dye". Idan aka rubuta "die" an ce mutuwa. Tela yana ɗinki, watau "sew". Manomi yana shuka, watau "sow". Mahauci yana sayar da nama, "meat", a inda mutane suke gamuwa, "meet".

A watan Janairu 2022 an buga wasu wasannin Kofin Ƙasashen Afirka a filin Roumdé Adjia na Garuwa. A nan Nijeriya ta ci Masar 1 da 0. Da Ingilishi ana cewa, "Nigeria won by one goal." "Won" ita ce cin nasara, "one" kuma ɗaya.

Waɗanda suka fi kayar da yara

Akwai ƙananan kalmomi da suke fitowa a kusan kowace jimla. Su ne suka fi cinye maki a jarrabawa.

Na farko su ne "to", "too" da "two". "Two" lamba ce, biyu. "Too" tana nufin ma, ko kuma fiye da kima. "To" tana nufin zuwa, kuma tana zuwa kafin aikatau.

Na biyu su ne "there", "their" da "they're". "There" wuri take nunawa, watau can. "Their" mallaka take nunawa, watau nasu ko tasu, kamar "leur" a Faransanci. "They're" kuwa kalmomi biyu ne aka haɗa, "they are".

Na uku su ne "your" da "you're". "Your" naka ne ko naki. "You're" gajeren "you are" ne.

Na huɗu su ne "its" da "it's". "Its" mallaka ce ta dabba ko abu. "It's" gajeren "it is" ne, ko "it has". Ɗan waƙafin da yake sama yana nuna an cire harafi, kamar yadda yake yi a "l'école" da "j'ai".

Tagwayen gaskiya da na ƙarya

Akwai kalmomin da yara suke zaton tagwaye ne, alhali ba su ba ne. Bakin mai faɗi ne ya haɗa su.

Hausa ba ta raba "p" da "f" ba. Saboda haka Bahaushe yakan faɗi "pan", kwanon suya, da "fan", fanka, iri ɗaya. A Faransanci ba a faɗin "h", don haka mai Faransanci yakan haɗa "hair", gashi, da "air", iska. Sautin "th" babu shi a Hausa, babu shi a Faransanci, shi ya sa "three", uku, takan koma "tree", itace. Haka nan "ship", jirgin ruwa, da "sheep", tunkiya. Wasalinsu ba ɗaya ba ne.

Bahaushe ya san irin wannan a harshensa. Baƙon da bai iya ƙ ba yakan haɗa kafa da ƙafa, ko kare da ƙare. Ba kalmomin ne suke ɗaya ba, shi ne bai iya ba tukuna.

Maganin tagwayen ƙarya shi ne gyara kunne da baki, a saurara da kyau, a maimaita. Tagwayen gaskiya kuwa, kome kaifin kunne ba zai raba su ba. Maganinsu yana wajen ido da tunani.

Dabaru biyar

Dabara ta farko ita ce a jira jimla ta ƙare. Ɗalibi mai hankali ba ya rubuta kalma da zarar ya ji ta. Yakan saurari jimlar duka, ya gane abin da ake nufi. Idan maganar kasuwa ake yi, "buy" ce, saye. Idan maganar kusa da wani wuri ce, "by" ce.

Dabara ta biyu ita ce musanya. A Faransanci ana gwada "avait" a gurbin "a". In jimla ta zauna daidai, aikatau ne, ba ya ɗaukar alama a kansa. Haka ake yi a Ingilishi. A gwada "they are". In ta zauna, a rubuta "they're". A gwada "it is". In ta zauna, a rubuta "it's". In ba ta zauna ba, ɗayar ake so.

Dabara ta uku ita ce neman dangi. Harafin "t" na "vert" ba a jinsa, amma yana fitowa a "verte". Haka "w" na "two" ba a jinsa, amma yana fitowa a "twelve", "twenty" da "twins". Duk suna da dangantaka da biyu. "Here", "there" da "where" dangi ne, duk maganar wuri suke yi, duk kuma suna ɗauke da "here".

Dabara ta huɗu ita ce neman ƙaramar kalma a cikin babba. A cikin "hear", ji, akwai "ear", kunne. Da kunne ake ji. A cikin "meat", nama, akwai "eat", ci. Nama ci ake yi. "Too" ta fi "to" da "o" guda, kuma ma'anarta ita ce abin da ya yi yawa.

Dabara ta biyar ita ce neman taimakon Faransanci. A nan yaron Garuwa ya fi yaron Landan sa'a. "Hour" tana da "h" kamar "heure". "Piece", yanki, ta yi kama da "pièce", don haka ba za a haɗa ta da "peace", zaman lafiya, ba. "Pair" 'yar'uwar "paire" ce. "Reign" tana da "g" da "n" kamar "règne". "Male", namiji, ita ce "mâle", ba "mail" ta gidan waya ba.

Bayan waɗannan, yana da kyau ɗalibi ya ware shafi a bayan littafinsa. Duk tagwayen da ya gamu da su ya rubuta su a jere, da ma'anarsu da Hausa da Faransanci, da jimla guda ga kowace. In ya yi shakka ya buɗe ƙamus. Yawan karatu kuma yana sa ido ya saba da fuskar kalma, kamar yadda uwa ba ta ruɗewa tsakanin tagwayenta.

Me ya sa ake damuwa da wannan?

A magana ba wanda zai kama kuskuren tagwaye. A rubutu ne asiri yake tonuwa. A jarrabawa harafi ɗaya yana iya rage maki, maki ɗaya kuma yana iya raba wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Bayan makaranta ma abin yana nan. Mutanen Garuwa suna ciniki da Yola da Mubi da Kano. Wasu sukan tafi karatu ko aiki a inda ake Ingilishi. Wanda ya rubuta "weak", mai rauni, a gurbin "week", mako, ya ɓata saƙonsa. Wanda ya rubuta "hole", rami, a gurbin "whole", duka, zai ba mai karatu dariya. Mai neman aiki da ya rubuta "right" a gurbin "write", ana iya ajiye takardarsa a gefe.

Wayar hannu da kwamfuta sukan gyara rubutu, amma ba kullum suke kama tagwaye ba. "Sun", rana, da "son", ɗa, duk kalmomi ne na gaskiya, duk suna cikin ƙamus. Mai rubutu ne ya san wadda yake nufi, shi ne kuma zai zaɓa.

Sababbin kalmomi

shifta: la dictée
sauti: le son
harafi: la lettre
wasali: la voyelle
jimla: la phrase
ma'ana: le sens
ƙamus: le dictionnaire
maɗaba'a: l'imprimerie
tagwaye: les jumeaux

Tambayoyi

1. A bakin wane kogi Garuwa take?
2. Waɗanne ne harsunan hukuma na Kamaru? Tun yaushe?
3. Mene ne tagwayen kalmomi?
4. Wane bambanci ne tsakanin kalmomi masu ruɗarwa na Hausa da na Ingilishi?
5. Me ya faru a Ingila a shekarar 1066, kuma me ya faru a 1476?
6. Don me "pan" da "fan" ba tagwayen gaskiya ba ne?
7. Yaya ake gane inda za a rubuta "it's"?

Aiki

A. A cika gurbi da kalmar da ta dace.
1. I have ...... goats. to, too, two
2. The boys lost ...... ball. there, their, they're
3. We ...... with our ears. here, hear
4. My mother buys ...... in the market. meet, meat
5. There are seven days in a ...... . weak, week

B. A rubuta jimla biyu da Hausa, ɗaya da kuka na hawaye, ɗaya da kuka ta miya.

C. A nemo tagwaye biyar na Faransanci waɗanda ba sa cikin wannan darasi, a rubuta ma'anarsu da Hausa.